Wasiyyar Isaac Hollinbeck

Garthby, Yorkshire
9 ga Oktoba, 1994

Ƙanena Gordon,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Halina da yara. Yaya gwiwar? A katin Kirsimetin bara ka ce za a yi mata aiki, daga nan ban sake jin labarinta ba. Ni lafiyata ƙalau, sai dai abin da ba a rasa ba.

Baba ya faɗi ranar Laraba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Na shigo masa da shayin ƙarfe goma na tarar da shi a ƙasa tsakanin tebur da murhu, katunansa na tarihin dangi sun watse ko'ina. Ka san abin da na fara yi? Na ajiye kofin a hankali don kada ya zube, na durƙusa na tattara katunan, na mayar da su kwalinsu. Sai da na gama na kira motar asibiti. Yana kallona duk tsawon lokacin, kuma ina jin da zai iya magana cewa zai yi na yi daidai.

Likitar yarinya ce, ba ta girmi babbar 'yarka ba. Ta ja ni gefe ta ce zuciyar ma ta gaji, kada in sa rai zai ga Kirsimeti. Na ce mata na gode. Na fita na sayi burodi, don babu a gida. Tun ranar nake jira in ji wani abu a raina, har yau shiru. Ina cin abinci, ina barci, ina hawa bas ɗin ƙarfe ɗaya zuwa asibiti, ina dawowa a na biyar.

Na buga maka waya sau biyu, injin ɗaukar saƙo ya amsa da muryar Halina. Ni ba na iya magana da inji, sai na ajiye. Shi ya sa na ɗauko biro.

Ka zo, Gordon. Abin da ya sa na rubuto ke nan.

Na san shekara ashirin da shida ke nan ba ku yi magana ba. Ba sai ka tuna mini ba, ina kan teburin ranar. Ni na soya naman. Ka ce za ka auri Halina, Baba ya ce madalla. Ka ce ubanta shi kaɗai ya fito daga Poland da rai, yaƙi ya cinye danginsa kaf, kuma ita kaɗai ya haifa, don haka kai za ka ajiye Hollinbeck ka ɗauki Zaremba, kada sunan tsohon ya mutu da shi. Baba ya ajiye cokali ya ce, “To, ashe 'ya ɗaya gare ni.” Mama ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo. Ba wanda ya ci tuffar da na gasa.

Bai canja ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Katunan yanzu sun kai kwalin takalmi arba'in da ɗaya, duk wani Hollinbeck da aka taɓa haifa a duniya yana da nasa, kuma ɗakinka suke ciki, har kan gadon. Naka katin ba ya nan. Amma mutumin da ke kwance a gado na huɗu daga ƙofa bai kai rabin wanda ka sani ba, kuma kai kaɗai ne ɗansa, ko ya ce ko bai ce ba.

Ka gaishe da Halina. Ka ce mata muryarta ba ta tsufa ba.

Yayarka,
Beryl


Garthby
20 ga Oktoba

Gordon,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ban ga amsarka ba, amma na san wasiƙa takan yi mako kafin ta isa wurinku a Hamilton, wani makon kuma ta dawo. Ruwa ake ta yi a nan, rafi ya hau gada sau biyu.

Baba ya fara magana kaɗan kaɗan. Kalma ɗaya, biyu, da gefen baki. Nas ɗin da ke kula da shi wata 'yar Ireland ce mai suna Bridie, ƙatuwa, ba ta tsoron kowa. Takan shigo da kwanon kunun hatsi ta ce, “Kai, Mista Hollinbeck, yau ma fushi ake da mu? Buɗe baki, saurayina, ba ni da yini guda.” Shi kuwa ya harare ta da idon da ke aiki, sannan ya buɗe. Da ni ce na ce masa saurayi da kwanon ya sha bango.

Jiya ta tare ni a baranda ta ce, “Mis Hollinbeck, wane ne Isaac? Tun safe yake kiransa. In ɗansa ne a gaya masa ya yi sauri, ba wasa nake ba.”

Na ce mata Isaac ya mutu a 1786. Ta dube ni kamar ni ce ke bukatar gadon.

Kai dai ka san Isaac, ko ka manta? Ba na jin ana mantawa da karatun Lahadin Baba. Da an kwashe kwanuka ya gyara zama ya fara: da can mutum suna ɗaya gare shi, Adam ko John, shi ke nan. Da Adam suka yi yawa a kwarin sai aka shiga cewa Adam maƙeri, Adam ɗan Will, Adam na bakin rafi. Namu Adam ɗin yana zaune inda rafi ya ratsa itatuwan nan masu ganye da ƙaya da muke yankowa don adon Kirsimeti. Hollin itacen, beck rafin. Wurin ya ba gona suna, gona ta ba mutum, mutum ya ba 'ya'yansa. Kuma farkon fitowar sunan a rubuce, a 1342, ƙara ce aka kai Adam gaban kotun mai ƙasa, wai aladunsa sun fasa shingen maƙwabci. Da Baba ya zo wurin aladun sai ka yi gurnani a ƙarƙashin tebur, Mama ta maka maka tsumma, ita ma tana danne dariya.

Daga Adam, ɗa bayan uba, gona ɗaya, har zuwa Isaac. Bayan Isaac sai Jonas, wanda mu muka fito daga tsatsonsa. Nan ne kawai igiyar take da rauni: ba a taɓa ganin inda aka rubuta baftismar Jonas a rajistar coci ba. In an tambayi Baba ya ce ɓeraye sun ci shafin. Shekara talatin yana ɗora wa ɓeraye.

Na zauna kusa da shi na ce, “Baba, Isaac na gona kake nufi?” Ya matse mini hannu da hagunsa. Na ce, “So kake in nemo maka inda Jonas ya fito?” Ya sake matsewa, ko kuma hannun ne ke rawa, ban sani ba. Na ɗauka amsa ce, don ba ni da wani abin yi masa. Ba zan iya ba shi lafiya ba, ba zan iya jawo ka ta cikin teku ba. Takarda dai zan iya dubawa. Ranar Talata zan tafi gidan ajiyar tsofaffin takardu na gunduma.

Kwana yana tafiya, Gordon. Jiya cokali uku ya sha.

Yayarka,
Beryl


Garthby
26 ga Oktoba

Ƙanena,

Ina gaisuwa, ina fatan sanyin can bai fara matsa muku ba. Ka zauna kafin ka karanta wannan, ko da yake ni a tsaye na ji shi kuma ban faɗi ba.

Bas biyu na hau. A gidan takardun sai ka bar jaka da laima a ƙofa, ba a shiga da biro, fensir kawai. Mai kula da ɗakin karatun wani tsoho ne, Mista Pickersgill, mai jan hanci. Da ya ga sunana a littafin baƙi ya cire tabarau ya ce, “'Yar Wilfred? Tabɗi! Tsohon nan ai ya cinye mana kujera guda da zama. Ina ya shige kwana biyu?” Na gaya masa. Ya goge tabarau, ya ce me nake nema.

Na ce baftismar Jonas. Ya ce, “Haba, 'yar nan, in rajista ta ƙi magana ai wasiyya ake tambaya. Kin duba wasiyyar uban?” Na ce Baba ya duba komai. Ya ce, “To, ki duba da naki idon, ba a biyan kuɗin kallo.”

Ya kawo ta a kan tire, a kan fata aka rubuta ta, mai launin shayi, an naɗe ta uku. Ni ba na iya karanta rubutun mutanen da, shi ya bi da yatsa yana karanta mini a hankali. Isaac ya bar agogo ga wane, gado da katifa ga wance, tumaki shida ga wani. Sannan gona. Ya bar gonar Hollinbeck da gidan da komai ga 'yarsa Tabitha, wadda ita kaɗai ta rage masa, muddin mijinta, Jonas Raw, mai haƙar darma daga kwarin Swale, ya ajiye sunan ubansa ya ɗauki na Hollinbeck, shi da 'ya'yansa har abada, cikin wata shida. In ya ƙi, gona ta tafi ga coci.

Na ce ya sake karanta wurin. Ya sake.

Ya ce ba wani abin mamaki ba ne, al'ada ce ta masu ƙasa in ba su da ɗa namiji, yana ganin irinta sau da yawa a shekara. “Miji ya shigo, ya rataye sunansa a bayan ƙofa, ya sa na matar. Wasu ma murna suke yi.” Ashe ba ɓera ya ci baftismar Jonas ba. Tana can a wani cocin, a wani kwarin, ƙarƙashin sunan Raw. Ni da kai da Baba, duk jikokin mutumin da ya ɗauki sunan matarsa ne.

Na yi tsammanin nan labarin ya ƙare. Na ma fara tunanin yadda zan gaya wa Baba ba tare da na ƙarasa shi ba. Sai Mista Pickersgill ya turo mini wata 'yar farar takarda ya ce in sa hannu. A wurin nan kowace wasiyya tana da irinta a manne da jakarta, duk wanda ya nemi ganinta sai ya rubuta sunansa da rana. Na ɗauki fensir. Suna ɗaya ne kawai a sama da inda zan rubuta. W. Hollinbeck, 12 ga Mayu, 1961. Ka san yadda yake ja wa H ɗinsa doguwar wutsiya.

Shekara bakwai kafin aurenka, Gordon. Ranar da ya ajiye cokalin nan ya san da Jonas.

Na sa hannu a ƙarƙashinsa, na yi godiya, na karɓi laimata. A tashar bas na zauna na ci burodina da cuku har na cinye, na naɗe takardar burodin na sa a aljihu. Wata mata ta tambaye ni ko bas ɗin Ripon ya wuce, na ce ban lura ba. Da na iso gida na shiga ɗakinka na ciro katin Jonas. Da hannun Baba an rubuta: ɗan Isaac, ba a ga baftisma ba.

Ya kamata in yi fushi, na sani. Na nemi fushin ban same shi ba. Na mayar da katin inda yake, na dafa ƙwai.

Ban san ko wannan zai sa ka zo ko zai sa ka ƙi ba. Haƙƙinka ne ka sani, shi ya sa na rubuta.

Yayarka,
Beryl


Garthby
4 ga Nuwamba

Gordon,

Takardarka ta iso jiya, na gode. Na ji daɗi da gwiwar ta warke. Ka yi wa Halina godiya da hoton jikanku, hancin Mama ne sak.

Layi uku ka rubuto a kan Baba, na ƙirga. Ka ce ranar da ya rubuto maka da hannunsa, da sunanka na gaskiya a bayan ambulan, ranar za ka shiga jirgi. Na lura ka rubuta ta kafin wasiƙata ta ƙarshe ta iso, amma na san ka, labarin Jonas ba zai sauke maka ko harafi ɗaya ba. Hannun da yake rubutu da shi ya mutu, Gordon, na gaya maka tun farko. Kai dai ɗan ubanka ne, ko da wane suna kake amsawa. Ku biyu kun ishe ni.

Na gaya masa ranar Asabar. Na jira aka ja labulen gadon, na ce, “Baba, na ga wasiyyar Isaac.” Bai motsa ba. Na ce, “Na ga sa hannunka kuma.”

Ya daɗe yana tattaro bakinsa, sannan ya ce, “Na sani.”

Na ce, “To me ya sa? Abin da Jonas ya yi shi Gordon ya yi. Da Jonas bai yi ba da babu mu, babu kwali ko ɗaya.”

Sai da ya gwada sau uku kafin ta fito. “Jonas ya shigo. Gordon ya fita.”

Ka ji lissafin da ya riƙe shekara ashirin da shida. Na zauna ina kallon bututun ƙarin ruwan da ke hannunsa. Ba don in ci nasara a kansa na yi maganar da ta biyo ba, fitowa kawai ta yi. Na ce, “Uban Jonas fa? Shi ma wani tsoho ne a can kwarin Swale, da teburinsa da cokalinsa. Ka taɓa yi masa kati?”

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, har na fara sa kwat ɗina. Sai na ga ruwa yana gangarowa ta idon ɓangaren da ya mutu. Bridie ta ce idon yakan yi haka da kansa, ba lallai kuka ba ne. Wataƙila. Na goge masa na tafi, don kada in rasa bas.

Yau na karanta masa layinka uku, ban rage ba, ban ƙara ba. Ya juyar da kai wajen bango, bai sake juyowa ba har aka tashi baƙi. Bridie ta biyo ni tana cewa, “Maza! Allah ya raba mu da taurin kan maza. Ubana ma haka ya yi da ƙanensa a kan wata ƙofar gona, har suka mutu. Ƙofar tana nan, ta ruɓe.”

Yanzu ba ya iya haɗiye komai sai mai ruwa. In za ka sauko daga inda ka hau, yanzu ne. Ni na daina roƙo, na gaji.

Yayarka duk da haka,
Beryl


Garthby
27 ga Nuwamba

Ƙanena Gordon,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Halina da yara, da fatan kowa yana lafiya. Furannin da kuka aiko sun iso a kan lokaci, an ɗora su a kan akwatin, da katinku a jiki, da sunanku. Ba wanda ya cire.

An binne shi ranar Laraba kusa da Mama. Ruwa bai sauko ba sai da aka gama. Hollinbeck goma sha huɗu suka zo, daga Leeds, daga Hull, ɗaya ma daga Scotland, mutanen da ya yi shekaru yana rubuta wa wasiƙa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Shida daga cikinsu suka ɗauki akwatin. A wurin shayi wani mai ƙaton ciki ya kama hannuna ya ce, “Mahaifinki shi ya gaya mini ko ni wane ne.” Na ce masa ya ƙara kek. Zuriyar wani ƙanen kakan Isaac ne su, wato su ne Hollinbeck na ainihi. Ban gaya musu labarin Jonas ba.

Ranar da na buga maka waya na ce ya rasu, ka ce, “To. Ke fa, lafiya?” Na ce lafiya. Akwai abin da ya kamata in faɗa a lokacin, ban faɗa ba. Ga shi.

Kwana huɗu bayan na karanta masa takardarka na shiga na tarar da tire a kan ƙirjinsa, da ambulan a kai. Bridie ta ɗaure masa biro a yatsun hagu da filasta. Ta ce tun safe ya hana ta sakat, yana nuna aljihunta yana cewa biro, biro. Ya sa na rubuta masa sunanka, Gordon Zaremba, da manyan baƙaƙe a kan wani kwali, aka jingina shi da tulun ruwa, yana kallo yana kwafa. Hannun yana zamewa, biro yana huda takarda. Ya lalata ambulan tara a ranar farko. Bridie tana cewa, “Sannu, saurayina, wannan ai ya fi na likita kyau,” shi kuwa yana ture ta da gwiwar hannu. Rana ta biyu ya kai tsakiyar sunan ya gaji, ya yi barci da biron a ɗaure. Rana ta uku, Alhamis goma ga wata, ya gama. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya faɗe shi da baki, a rarrabe. Ban taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba sai ranar.

Na ce me zan sa a ciki. Ya rufe ido, ƙarfinsa ya ƙare. Na ce, “Baba, ba a tura ambulan ba komai a ciki.” Ya ce, “Tura.”

Na sa shi a jakata. Ban tura ba, Gordon.

Na wuce gidan waya a hanyar gida. Na ce gobe, in ya huta zai faɗi abin da za a rubuta. Washegari na sake wucewa. Akwai wasiƙar gaggawa mai kwana uku, na sani. Ko waya da na buga na ce maka ya rubuta, ga shi a hannuna, ai da ka yarda da ni. Ban yi ko ɗaya ba. Kullum in na shiga ya ce, “Ya tafi?” in ce ya tafi. Daga Litinin ya fara sa Bridie tana yi masa aski kowace safiya, tana taje masa kai. Ta ce mini, “Yau ma an yi kwalliya, wa muke jira ne?” Na ce ban sani ba. Ranar Laraba sha shida ga wata, da rana, bayan an yi masa askin safe, ya tafi. Ina cikin bas lokacin, ambulan ɗin yana jakata tare da tikiti da makullin gida.

Na tambayi kaina dalili, don na san za ka tambaya. Shekara ashirin da shida ni ke dafa masa, ni ke wanke masa, ni ke amsa sunan da ka ajiye. Katina layi ɗaya ne: Beryl, 1936, ba aure. Bai taɓa rubuta mini ko da takardar cefane da sunana a kai ba. Sai ga shi ya ba da ƙarfinsa na ƙarshe, kwana uku cur, yana zana naka. Ba kishi na ji ba, da kishi ne da na gane shi na kore shi. Ban ji komai ba. Hannuna ne kawai ya ƙi fitowa daga aljihu duk sanda na zo ƙofar gidan waya.

Na yi ta ƙirga kwanakin. In da na tura ta gaggawa ranar Alhamis, da ta same ka Litinin, da ka iya isowa Talata. Ko kuma da jirgi ya yi latti, ko da ka ce rubutun bai isa ba tunda ba komai a ciki. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne ya mutu yana tsammanin ka ga hannunsa ka ƙi zuwa, kai kuma kana can kana tsammanin bai rubuta ba. Duka biyun ni na yi. Ba na roƙon ka yafe mini yanzu, ba zan ma san inda zan ajiye yafiyar ba in ka aiko.

Ambulan ɗin da ka buɗe ka ciro takardar nan, shi ne. Juya shi ka duba. Adireshin da ke ƙasa ni na rubuta, don masu raba wasiƙa su iya karantawa. Layin sama nasa ne. In ka riga ka yaga ta wurin, ka haɗa shi a hankali. Bai gaya mini abin da yake so a sa a ciki ba, sai na sa wannan.

Ka kula da kanka. Ka gaishe da kowa.

Yayarka,
Beryl